Finjalin Farko na Marar Lafiya

Har yau in ka tambayi mutanen unguwarmu abin da ya sami ƙanena Sidi, za su ce maka iska ce ta buge shi a bakin rijiya. Gwaggo Hajara, yayar Babanmu, za ta ce sammu ne, in ka matso kusa har gidan da aka haɗa shi za ta nuna maka. Majon gidan likita ya ce gajiyar ƙwaƙwalwa ce. Dukansu ba su faɗi daidai ba, kuma ba na jin nauyin faɗin haka don sun girme ni. Barci ne ya guje wa yaron, abin da ya kori barcin kuwa mu muka yi ta miƙa masa da hannunmu muna yi masa sannu. Na rubuta wannan ne don masu yaro mai tasowa a gida, kada su kai inda muka kai, har a shigo musu da igiya tsakar gida.

Shekara ta biyu ce da samun mulkin kanmu. Na gama kwaleji a Damagaram na dawo Agadas, ina jiran a kira ni aikin buga keken rubutu a bariki. Sidi yana da shekara goma sha biyar. Da ya ci satifika sai Baba ya ce karatun ya isa, ya sa shi a shagonsa na kasuwa, inda yake sayar da baƙin yadi da sukari da ganyen shayi. Lokacin sanyi ne, ayarin gishiri ya dawo daga Fashi, shagon ba ya rabuwa da baƙi. Kowa ya san ba a fara ciniki da mutanen ayari sai an ɗora buta a wuta. Wannan aikin aka ba Sidi: hura gawayi, fasa sukari, dafa shayi zubi uku ga kowane baƙo. Ya iya ƙwarai. Baba har yabonsa yake yi, shi da bai saba yabon kowa ba.

Makon farko ba wanda ya ɗauki abin da zafi. Da safe sai mu ga idanunsa jawur. Inna ta tambaye shi, ya ce ya kwana yana juyi. Ta ce sauro ne, alhali a wannan sanyin ko sauro ɗaya babu a garin. Ya rage cin tuwo. Ya auna wa wani yadi ya yanke shi a karkace, Baba ya zage shi a gaban mutane. Na kama hannunsa wata safiya na ji yana rawa kamar na tsoho.

"Me ke damunka?"

"Ba komai, Yaya Kumandan. Gabana ne yake bugawa. In na kwanta sai in ji kamar ana daka a kunnena."

Haka yake kirana, wai na cika ba da umurni. Na ce a kai shi gidan likita. Baba ya ce ana tsakiyar kasuwa, ayari ba ya jiran mai ciwon ido.

Mako na biyu ya faɗi a kan buhun sukari da rana tsaka, ya farka a firgice yana tambayar ina yake. Sai a lokacin Baba ya yarda. Muka yi sammako ni da Baba da shi, muka tarar layi ya riga ya zagaye bango: mata da jarirai masu tari, wani buzu da raƙumi ya cije a kafaɗa, tsofaffi masu ciwon ido. Muka zauna a ƙasa har rana ta take. Majon, wato babban ma'aikacin da ke riƙe da wurin, mutumin Dahome ne, sabon zuwa, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, ni na yi tafinta. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya duba yaron da kyau. Ya buɗe idonsa, ya saurari ƙirjinsa, ya danna cikinsa. Ya tambaya ko yana shan kafe, wato gahawa. Baba ya ce Allah ya kiyaye. Taba fa? Goro? Baba ya ce ɗansa ba ɗan iska ba ne. Duk gaskiya ne. Majo bai tambayi shayi ba, mu kuma ba mu ambata ba, don a gidanmu shayi ba ya cikin abubuwan da ake lissafawa, kamar a ce ka faɗa wa likita kana shan ruwa. Ya rubuta wata kalma ya karanta mini ita, surmenage, ya ce ƙwaƙwalwa ce ta gaji, a bar shi ya huta. Ya ba mu ƙwayar nibakin ko da zazzaɓi ne a ɓoye, da wani ruwan magani mai ɗanɗanon gishiri na sha da dare. Ruwan ya kan kwantar da shi ɗan lokaci, ya tashi kansa ya yi nauyi, ya fi da birkicewa.

A hanyar gida na fassara wa Baba "ya huta". Da maganar ta isa kunnen Gwaggo Hajara sai ta zama wani abu dabam. Ta zo da tabarmarta ta karɓi jinyar. Ta sa aka shigar da Sidi ɗakin ƙurya, aka toshe taga da tsumma, aka rataya bargo a ƙofa, wai kada iska ta sake ganinsa. Daga nan yaron bai ƙara sanin safe da yamma ba. Ya yi gyangyaɗi da hantsi, ya yi da la'asar, dare ya yi idonsa biyu.

Sai dubiya ta fara. Ina gode wa mutanen Agadas, ba wanda bai zo ba: maƙera, dukawa, matan unguwa, har madugun ayarin da Baba ke ciniki da shi. Kowa ya zo da ƙunshin ganyen shayi da gutsuren sukari, don haka ake zuwa gaida marar lafiya. Ba a kuwa karɓar ƙunshin baƙo a ajiye, sai a ɗora buta nan take a sha tare da shi. Finjalin farko, mai ɗacin nan da ya fi kowanne ƙarfi, na marar lafiya ne, girmamawa ce. Sidi ba ya cin abinci amma shayi ba ya mayarwa, yana sha ciwon kansa ya lafa, ya ɗan yi fira. Gwaggo ta ce, "Kun gani, shi kaɗai ne abin da cikinsa ke karɓa, a ƙara masa." Aka yi ta ƙarawa, daga hantsi har bayan isha.

A mako na uku aka yanka akuyar Inna sadaka. Malam ya yi rubutu, aka wanke aka ba shi. Gwaggo ta turara ɗakin har ni mai lafiya ina tari. Awarwaron azurfar Inna ya tafi wajen wata mai magani da ta ce an binne wani abu a ƙofar shago, aka tona ba a sami komai ba sai ƙashin akuya, ta ce ai shi ne. Sidi ya rame, wuyansa ya fito. Ya fara magana shi kaɗai. Wata ranar Asabar da hantsi ya ture bargon ƙofa ya fita ba takalmi, kafin mu cim masa ya kai gindin hasumiyar babban masallaci, yana nuna itatuwan da ke jikinta yana ce wa mutane su matsa, suna motsi, za su zubo. Yara suka taru. A nan na fara jin kalmar da nake tsoro daga bakin wani yaro: mahaukaci.

Da yamma Baffa Sule, wan Baba, ya zo. Shi ne babba, in ya yanke magana Baba ba ya ɗagawa. Ya ce akwai wani mai magani can kan hanyar Ingal da ke karɓar masu taɓin hankali, yana sa ƙafarsu a turu har iskar ta fita. Ya riga ya aika, ranar Juma'a da safe mutanensa za su zo da raƙumi. Na san mutum ɗaya a unguwarmu da aka taɓa kaiwa can. Ya dawo da tabon ƙarfe a idon sawu, har yau ba wanda ya ba shi mata ko ya amince masa da awo. Inna ta rufe fuska da mayafi.

Na ce, "Baffa, yaron nan barci ne bai samu ba."

"To, Madmazal, ki sayo masa a bariki." Haka yake kirana da Faransanci in yana yi mini ba'ar karatu.

Ga yadda na gane, kuma ba wani ilimin kwaleji ba ne. A makarantar kwana ba a ba mu shayi, na yi shekaru ban saba da shi ba. Da jinya ta zaunar da ni a ɗakin, kowane baƙo ya zo ni ma a miƙo mini finjali, in karɓa don kunya. Ranar Lahadi na zauna zan ɗinke rigar Sidi da ta yage a masallaci, na kasa zura zare a allura. Hannuna yana rawa. Gabana yana bugawa. Na tuna kwanakin nan ni ma juyi nake kwana yi, ina cewa damuwa ce. Na ɗaga hannuna na ajiye kusa da nasa a kan tabarma, rawarsu iri ɗaya.

"Sidi, a shago kana shan shayin da kake dafawa?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Yaya, wa ke miƙa wa baƙo shayin da bai ɗanɗana ba? Kowane zubi sai na kurɓa in ji sukari, in bai yi ba in gyara in sake kurɓa."

"Baƙo nawa a yini?"

"Wa ya ƙirga? Buta ba ta sauka."

"Ganyen da ya rage fa?"

"Na mai dafawa ne. Da sauran sukari a jiki, taunewa nake."

Baƙo ya sha finjali uku ya tashi ya bi raƙumansa. Yaron da ke gindin wuta ya sha na kowa, tun safe har magariba, da cikin da ba komai, sannan ya taune ganyen. Da ya kwanta ciwo muka ɗauke shi daga wannan muka sa shi a duhu muka ci gaba da ba shi mafi ɗacin.

Ban nemi izinin kowa ba, na san amsar da zan samu. Na kwashe butar gida da finjalai da duk ƙunshin da aka kawo, na zuba a akwatin ƙarfena na makaranta, na kulle, na rataya makullin a wuya. Na cire tsumman taga, na yaye bargon ƙofa. Gwaggo ta shigo ta ga haske ta yi salati.

"Ke Hadiza, ɗaki ba buta, baƙi na zaure, so kike a ce gidan ƙanena an daina karɓar mutane?"

"A ba su ruwa da dabino, Gwaggo."

"Ruwa. Ɗiyar lakwal, kin yi boko kin zo ki koya mana jinya."

Na faɗa wa Baba dalilina da ya dawo daga kasuwa. Ya ce shi tun yana saurayi yake shan shayi, ga shi garau. Na ce shi sha yake, ba dafawa yake ba, kuma shi ba shekararsa sha biyar ba. Sai ya ce, "Juma'a dai tana nan. Ki yi abin da za ki yi, ban hana ki ba, ban kuma sa ki ba."

Abin da na tsara ba shi da yawa. Da an sallame asuba in tashe shi ko ya runtsa ko bai runtsa ba, mu taka har garake, lambunan bakin ƙorama, inda wani abokin Kawunmu, ƙanen Inna, ke ban ruwa. Rana ta fito ta same shi a waje, ya bi bijimin da ke jan guga, ya buɗe wa ruwa hanya da fartanya, ya gaji gajiya ta jiki. Mu dawo ya ci abin da ya samu shiga. Bayan azahar ba kwanciya, in ya fara lumshe ido in ba shi tsintar wake. Daga magariba ba baƙo, ba fira. Ya yi wanka da ruwan ɗumi, ya sha madara mai ɗumi da ɗan gero, a yi isha, a kashe fitila, kullum a lokaci guda.

Masu karatu su ji wannan da kyau, don ba wanda ya gargaɗe ni: abin ƙara lalacewa ya fara yi. Litinin kansa ya yi ciwon da har yana buga shi da bango. Ya yi amai a hanyar garake. Ya zage ni zagin da ban san ya iya ba. Talata ya durƙusa ya riƙe ƙafata.

"Yaya Hadiza, kurɓi ɗaya. Don Allah. Kaina zai fashe."

Da ya kira ni Kumandan da ya fi mini sauƙi. Na ce a'a, na shiga bayan ɗaki na yi kuka, na wanke fuska na fito. Da la'asar na je ɗebo ruwa, na dawo na tarar Gwaggo ta aiko an kawo butar gidanta, ta dafa, finjali yana hannunta tana miƙa masa. Na karɓe na zubar a ƙasa a gabanta. A garinmu ba a yi wa babba haka, na sani. Ta naɗe tabarmarta ta ce ba za ta sake taka gidan ba sai ranar da za a ɗauke shi, kuma alhakinsa a wuyana. Kafin magariba unguwa ta ji cewa ɗiyar lakwal ta hana marar lafiya abu ɗaya da yake iya sha, kuma ciwon ya ninka. Ba ƙarya suka yi ba, ya ninka. Ni kaina na fara shakka. In na yi kuskure, na ƙara masa azaba a kwanakinsa na ƙarshe a gida.

Laraba ciwon kan ya ragu. Ya ci tuwo rabin akushi, Inna tana kallonsa kamar ba ta taɓa ganin mai cin abinci ba. Ya ce ya ɗan yi barci kafin asuba, amma guntu ne, ba abin da zan kai wa Baffa. Alhamis ya yini a garake, mai garkar ya ba shi tumatir ya ci a tsaye, ya dawo ƙafafunsa duk laka yana jan jiki. Ya sha madararsa. Na kashe fitila na fita, ban san abin da gari zai waye da shi ba.

Juma'a na tashi don in tashe shi kamar kullum, na tarar Inna durƙushe a kansa, ta kara bayan hannunta a hancinsa. Ta ɗago a tsorace, ta yi mini alama in zo in ji. Numfashi ne, dogo, a hankali. Ya kwanta rubda ciki, baki buɗe, yawu ya jiƙa matashi. Ladan ya yi kira bai motsa ba. Ranar na karya dokata, na bar shi.

Rana ta ɗan ɗaga muka ji gurnanin raƙumi a ƙofar gida. Baffa Sule ya shigo da mutum biyu, ɗaya da igiya naɗe a kafaɗa, Gwaggo a bayansu, Baba a ƙarshe yana kallon ƙasa. Na tsaya a bakin ɗaki.

"Matsa, Madmazal, tafiyar da nisa."

"Yana barci, Baffa."

"Sai a tashe shi."

"Wata guda muna neman barcin nan. An yanka akuya, an ba da awarwaro. Ya zo, kuma a tashe shi a ɗaure?"

Baffa ya ce in ban matsa ba zai sa a matsar da ni. A nan Inna ta yi magana daga cikin ɗaki, ita da ban taɓa jin ta ɗaga murya gaban wan mijinta ba, kuma yanzun ma ba ta ɗaga ba.

"Yaya Sule, ku shigo ku gan shi. Amma ku cire takalmi, kada ku yi motsi."

Suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Mai igiyar ya tsuguna ya daɗe yana kallonsa, ya fito ya ce wa Baffa su waɗanda suke ɗauka ba sa irin wannan barcin, amma in an ce su ɗauka za su ɗauka. Kowa ya juya wajen Baba. Baba ya share fuska ya ce a bari ya farka tukuna. Suka zauna a zaure suna jira, aka kai musu ruwa da dabino. Hantsi ya yi, rana ta take, aka fara kiran Juma'a, Sidi bai farka ba. Mutanen suka ce ba za su rasa salla su kuma rasa hanya ba, aka sallame su da abin da ya sawwaƙa. Sai bayan an sauko masallaci ya fito yana miƙa, ya dubi taron da ke tsakar gida.

"Yaya Kumandan, wa ya mutu? Akwai sauran tuwo?"

Ba a dare ɗaya ya warke ba. Ya yi makonni yana samun dare mai kyau da marar kyau, amma hannun ya daina rawa, hasumiya ta tsaya inda take. Gwaggo ta ce turarenta ne ya yi aiki a makare. Baffa ya ce iskar ce ta ji zuwan mai turu ta gudu. Malam ya ce rubutu. Ban yi gardama ba, na gode musu duka, don kowanne da zuciya ɗaya ya zo, har Gwaggo da na je na durƙusa na ba ta haƙurin shayin da na zubar. Ta haƙura, amma har yau ba ta miƙo mini finjali da hannunta. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne, a cikin manya duka ba wanda ya tambayi yaron abin da yake ci da abin da yake sha a yini. Ku tambayi naku. Ku fitar da shi rana da safe, ku bar jikinsa ya gaji, ku raba shi da buta, kuma kada kwana biyun farko su tsorata ku.

Makon jiya Baba ya ce tunda ya warware, ya koma shago, baƙi suna tambayar shayinsa, na sabon yaron ba ya daɗi. Ya ce zai hana shi ɗanɗanawa. Na san ba zai yiwu ba, mai dafawa ba ya miƙa abin da bai kurɓa ba, ranar farko wani madugu zai ce yaro ya raina shi. A ranar kuma aka aiko daga bariki in fara aiki farkon wata.

Kawu Ilyas, ƙanen Inna, ya zo daga Timiya da kayan garkarsa, jibi zai koma. Na roƙe shi ya tafi da Sidi ya yi masa ban ruwa har zafi ya shigo, ya yarda, Inna ta shawo kan Baba. Na san can ma ana shan shayi, kuma baƙon yaro shi za a fara miƙa wa. Saboda haka na je bariki na ce su ba wata aikin in ba za su iya jirana ba. Ni ma zan bi su. Butar gida na mayar wa Inna, akwatin na zuba kayanmu a ciki, ni da shi.